Lambun Da Ba A Sa Masa Fartanya: Daga Birmingham Zuwa Bayan Ɗakin Innata A Zariya

Idan kin taɓa kwana a zaune, ko da jinyar yaro ce, kin san yadda safiya take zuwa wa mutum: jiki ya mutu, ido ya yi jawur, barci kuma ya ƙi zuwa. A irin wannan hali nake ranar da na fara shiga lambun da zan ba ki labarinsa. Na tashi daga aikin dare a wani asibiti a Birmingham da ƙarfe 8 na safe, cikin watan Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma a garin. A wayata akwai saƙo cewa layi ya zo kaina, bayan na shafe fiye da shekara ina jira, in je in ga filin da aka ba ni haya. Maimakon in nufi gida sai na hau bas na nufi wajen unguwar Handsworth.

Bari in fara bayyana miki abin da ake kira alotmen, don babu irinsa sak a wajenmu. Fili ne babba a tsakiyar gari, yawanci mallakar ƙaramar hukuma, an yanka shi gunduwa-gunduwa ana ba mazauna garin haya shekara-shekara domin su noma abin da za su ci a gida. Cikakken yanki ɗaya yakan kai murabba'in mita 250, amma saboda yawan masu nema yanzu an fi ba da rabi. Tun a 1908 aka yi dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila nauyin samar da irin wannan fili idan jama'a sun nema. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, da abinci ya yi wuyar shigowa ta teku, gwamnati ta yi gangamin kiran mutane su haƙa ƙasa su yi shuka, har filayen wasa da na shaƙatawa aka mayar gonakin dankali da kabeji. A yau Birmingham kaɗai tana da irin waɗannan wurare sama da 100.

Ƙofar ƙarfe ce da kwaɗo. Kina shiga sai ƙarar motoci ta koma bayanki, ki ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa irin na ranar da aka yi ruwan farko a gida. Ko'ina ƙananan ɗakunan katako ne na ajiye kayan aiki, da durom-durom na tarar ruwan sama, da kabeji da ya jure sanyi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutanen. Ga dattijo ɗan asalin Punjab da rawaninsa yana gyara fangalin tafarnuwa, ga Bature yana shan shayi a bakin ɗakinsa, ga wata mata 'yar Bangladesh tana kwance igiyoyin da duma ya hau da rani. Kowa ya zo da abin miyar garinsu ya shuka a ƙasar da ba ta san shi ba.

Nawa rabon yana can kusa da shinge. Wanda ya riƙe shi kafin ni ya daɗe da barinsa, ciyawa ta kai gwiwa, ga wata ƙaya mai yaɗo ta cinye kusurwa guda. Na tsaya ina kallo, sai Innata ta faɗo mini a rai. Ita da a ce ta ga wannan wuri, da ba ta ce komai ba, ɗankwali kawai za ta ɗaure a ƙugu ta nemi fartanya.

Kuskurena na farko

Abin da na gada shi na yi. Da sanyi ya fara sassautawa a watan Maris na sayi shebur, na shiga juya ƙasa. Asabar uku ina yi. Ki sani aikinmu na jinya ya riga ya gama da bayan yawancinmu, saboda juya marasa lafiya da tsayuwar awa goma sha biyu. A Asabar ta uku da ƙyar na iya sunkuyawa na ɗaure takalmi, sai da na sha maganin ciwo kafin na fita aiki ranar Litinin. Amma na yi ta lallashin kaina da cewa ai noma na duƙe ne, kuma ga wuri ya yi baƙi wuluk, fes da shi.

Ban je ba na 'yan makonni saboda jadawalin aiki. Da na koma a watan Mayu sai na tarar inda na haƙa ya fi inda ban taɓa ba kore. Ƙananan ciyayi sun fito cunkus kamar an watsa iri da gangan. Na zauna a kan bokiti, wallahi sai da hawaye ya zo mini, na fara tunanin in mayar musu da makullinsu.

Maƙwabciyata ce ta ga halin da nake ciki. Dattijuwa ce 'yar asalin Jamaika, ta haura shekara saba'in, ta yi ritaya daga aikin asibiti ita ma. Anti nake ce mata. Ta leƙo ta kan shinge ta ce, "'Yata, ke kika tashe su daga barci, yanzu kuma kina kuka sun farka?" Sannan ta ce in zo in ga nata.

Fangalanta a jere suke, samansu baƙin taki lis, babu ciyawa sai ɗaiɗai. Ta ce ta manta rabon da ta sa shebur a cikinsu. Ta duƙa ta cusa hannu cikin ƙasar har wuyan hannu ba tare da wani ƙarfi ba, ta ɗebo ta nuna mini: tana har uku suna motsi, ƙasar tana warwatsewa kamar dambu. A gefe guda na hango wani tsiro da na sani tun ina yarinya. Na ce, "Anti, wannan ai alayyahu ne!" Ta ce su kalalu suke ce masa, irin kuma daga wajen 'yan uwanta ta samo shi tun shekaru da yawa, kowace kaka tana ajiye nata. A ranar na san ba zan mayar da makullin ba.

Me ya sa haƙa ke ƙara ciyawa

Bayanin da ta yi mini, wanda daga baya na karanta na tabbatar, mai sauƙi ne. Ƙasa cike take da irin ciyawa da ya zuba shekara da shekaru yana kwance a cikin duhu. Da yawansu ba sa tsirowa sai sun samu haske da iska. Duk lokacin da kika juya ƙasa, kin ɗebo na ƙasa kin kawo su sama ke nan. Ga kuma ciyawa mai yaɗuwa ta saiwa, irin kirikirinmu da tofa. Idan shebur ya datsa saiwa ɗaya gida biyar, kowane guntu zai iya zama sabon tsiro. A filina akwai irinsu biyu: wata mai kama da kirikiri, da wata mai nannaɗe shuka, mai farar fure, wadda saiwarta ke nutsawa can ƙasa tana karyewa da an ja ta.

Ban da haka, ƙasa tana da nata ma'aikatan. Tana tana huda hanyoyin da ruwa da iska ke bi, akwai kuma wasu siraran zare na naman gwari da ke manne da saiwar shuka suna taimaka mata jawo ruwa da abinci. Haƙa tana rusa duk wannan, sai sun sake gini daga farko. Ni da nake wanke ciwo kullum ban sha wahalar ganewa ba. Mun san ciwon da aka tsabtace aka rufe ya fi saurin warkewa a kan wanda ake buɗewa ana taɓawa kowace sa'a.

Wannan hanya ba Anti ce ta ƙirƙiro ta ba. A Amurka wata mata mai suna Ruth Stout ta yi suna tun shekarun 1950 da lulluɓe lambunta da busasshiyar ciyawa maimakon haƙa. A Ingila kuwa wanda aka fi sani da ita a yau shi ne Charles Dowding, manomin kayan lambu a yankin Somerset, wanda ya fara tun farkon shekarun 1980. Tun 2013 yake gwada fangali biyu kusa da juna a lambunsa, taki daidai wa daida, shuka iri ɗaya. Ɗaya yana haƙawa ya binne takin, ɗayan yana shimfiɗa shi a sama kawai, yana auna duk abin da ya girba. Idan aka haɗa shekarun, wanda ba a haƙa ba ne ke gaba da ɗan rata, kuma da ƙarancin aiki.

Yadda muka shimfiɗa fangalin farko

Ga yadda muka yi, ki riƙe shi don zai yi miki amfani.

Da farko muka yanke ciyawar ƙasa-ƙasa muka bar ta a wurin. Ƙayar nan mai itace kaɗai muka tono da saiwarta, don kwali ba ya iya danne ta. Wannan ne kawai tonon da aka yi.

Sai kwali. Na bi shagunan unguwarmu ina roƙon kwalayen da suka gama da su, masu ruwan ƙasa, marasa sheƙi. Yarana biyu suka zauna suna ɓare salatif da ƙananan ƙarafunan da ke jiki, don su ba sa ruɓewa. Muka shimfiɗa su a kan ciyawar, kowane kwali ya hau kan ɗan uwansa da kamar santimita 15, wato kusan tsawon tafin hannunki. Idan kika bar 'yar kafa, ta nan ciyawa za ta ga haske ta leƙo. Muka jiƙa shi sharkaf.

A kan kwalin muka zuba ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 10 zuwa 15, muka tattaka shi kaɗan ya zauna. Faɗin fangalin mita 1.2, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe. Hanyoyin da ke tsakani ma muka sa musu kwali muka zuba ɓarzajjen itace, domin ciyawar hanya ita ke rarrafowa cikin fangali.

Ba a jira komai. A cikin takin ake shuka kai tsaye. Kafin saiwar shukar ta kai ƙasa, kwalin ya yi laushi, cikin wata biyu zuwa uku ya narke, ciyawar da ke ƙarƙashinsa kuma yawancinta ta mutu saboda rashin haske. Anti ta ba ni dashen alayyahu a farkon Yuni, don a can sai an tabbatar sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce. A watan Yuli, lokacin da rana ke kaiwa bayan ƙarfe 9 na dare ba ta faɗi ba, na yi miyar alayyahu da ganyen da na tsinka da hannuna. Ɗana da ba ya kallon ganye ya cinye tas, wai ai shi ya ɓare salatif ɗin.

Kada in yi miki daɗin baki, ciyawa ba ta ƙare ba. Mai farar furen nan ta huda kwali ta fito. Dabarar ita ce duk mako in zagaya in cire duk wadda ta leƙo tun tana ƙarama, kafin ganyenta ya ciyar da saiwar. Mai kama da kirikiri ta haƙura a shekarar farko. Mai nannaɗewar sai da na shekara biyu ina binta kafin ta yi rauni. Amma aikin minti goma ne zuwa sha biyar da yatsu, ba wuni guda da shebur ba. Ƙa'ida ta biyu kuma: kada ki bar ciyawa ko ɗaya ta yi fure ta zubar da iri. Bayan haka, sau ɗaya a shekara nake ƙara taki kamar kaurin yatsa biyu a sama. Idan shuka ta gama, ina yanke ta ne a gindi in bar saiwar ta ruɓe a ciki.

Da na je gida

Duk wannan lokaci Inna ce a raina. Tana da ɗan fili a bayan ɗakinta a Zariya, inda take shuka yakuwa da kuɓewa da alayyahu tun muna yara. Shekarunta sun haura sittin, bayanta da gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, likita ya ce ta rage sunkuyo. Ƙannena sun ɓoye fartanyar sau biyu, sau biyu tana aro a maƙwabta. Na san idan aka raba ta da lambun nan an raba ta da abin da ke fitar da ita tsakar gida da sassafe. Don haka da na samu hutu a watan Oktoba, daidai ɗaukewar ruwa, na sauka da niyyata.

Da ta ga ina jera kwalayen taliya a kan ciyawa sai ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ke 'yar nan, abin da kika je Turai kika koyo ke nan? Noman malalata?" Na ce, "Inna, ki ba ni fangali ɗaya kawai. Idan bai yi ba ni da kaina zan sayo miki sabuwar fartanya."

Fangalin mita 3 ne a tsawo, mita 1.2 a faɗi. Taki mai kaurin santimita 10 a wannan girman ya ci bokitin fenti mai lita 20 har guda 18. Mun samu tsohon kashin awaki da na tumaki wanda ya kwana biyu a turke har ya zama gari, muka haɗa da ruɓaɓɓen ganye daga gindin mangwaro.

Nan na koyi cewa ba duk abin da ya yi a Birmingham ne zai yi a Zariya yadda yake ba.

Na farko, rana. A Ingila ba a cika rufe fangali da busasshiyar ciyawa ba, saboda damshi yana tara wasu halittu masu kama da dodon koɗi marar ƙoƙo, masu cinye dashe cikin dare. A wajenmu kuwa idan kika bar taki tsirara, rana da iskar hunturu za su busar da shi ya zama ƙura. Sai muka ƙara lulluɓi a sama: ɓuntun shinkafa da busasshen ganye, kamar kaurin yatsa uku, muka bar ɗan fili a gindin kowace shuka. Ban ruwan Inna ya ragu sosai, don idan ta ɗaga lulluɓin da yamma takan tarar da laima.

Na biyu, kaji. Rana ɗaya muka bar ƙofar baya a buɗe, kafin la'asar sun baje rabin fangalin suna neman tsutsa. Sai da muka kewaye shi da kara da tsohon gidan sauro.

Na uku, gara. Kafin hutuna ya ƙare ta cinye yawancin kwalin. Da farko hankalina ya tashi, sai na tuna manoman Yatenga a Burkina Faso, irin su marigayi Yacouba Sawadogo wanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. Su da gangan suke zuba taki a ƙananan ramuka don su jawo gara, ita kuma ta huda faƙo ruwa ya samu hanyar shiga. A Nijar ana kiran ramukan tassa. Abin da tana ke yi a Ingila, gara na yin kusan irinsa a busasshiyar ƙasarmu. Sai dai ki ninka kwalin biyu tun farko, ki nisanta fangalin daga bango da katakon ɗaki, ki kuma riƙa duba gindin shuka idan ƙasa ta bushe.

Na huɗu, aya-aya. Wannan ba ta jin kunyar kwali, da tsininta take huda shi. 'Ya'yanta suna can ƙasa a jere, fartanya kuma raba su take yi su ƙaru. Maganinta naci ne: duk wadda ta fito a zare ta tun tana da ganye biyu ko uku. Karangiya da harkiya kuwa, da yake daga iri suke fitowa, lulluɓin ya kusan gamawa da su.

Kafin ki fara

Bari in sa rigar aikina in ja miki kunne. Kada ki zuba ɗanyen kashin dabba a inda za ki shuka latas ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, na kaji kuma yana ƙone shuka. Ki bar shi ya ruɓe wata uku zuwa huɗu, har warinsa ya tafi. Kada ki ɗebo takin bola inda ake zubar da batir da leda da ragowar magunguna. Kunama da maciji suna son wuri mai sanyi, don haka ki ɗaga lulluɓi da sanda kafin ki sa hannu, ki koya wa yara haka. Idan ƙarfe ko ƙaya ta soke ki, ki wanke da sabulu ki je a duba batun allurar tetanus. Ganye kuwa a wanke shi da ruwa mai tsabta komai kyansa.

Kuma wannan dabara ta lambun gida ce. Mai gonar gero eka biyar ba zai samu takin da zai shimfiɗa haka ba. Idan filinki faƙo ne mai tauri kamar siminti, ba laifi ki fasa shi sau ɗaya a farko, daga nan ki rufe ki ƙyale shi. Ki fara da fangali ɗaya, ko da rabin na Inna ne. Ɓawon kayan miya, ganyen shara da kashin awakinki su ne takin baɗi, ki tara su a lungu guda kina yayyafa ruwa. Da yake zafinmu yana cinye taki da wuri, ki ƙara bokiti huɗu ko biyar sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

Na koma bakin aiki kafin alayyahun ya isa tsinka. A watan Disamba, ina hutun rabin dare a asibiti, ƙanwata ta turo mini hoto ta WhatsApp. Inna ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno a gefen fangalin, tana zare aya-aya da yatsu biyu, faranti cike da ganye a gabanta. A bayanta kuma na hango kwalaye a jere a kan ciyawa, an danne su da duwatsu. Na kira ta da safe na ce, "Inna, na ga kamar ana sabon aiki." Ta ce, "Kuɓewa zan sa idan sanyi ya wuce. Ki tambayar mini tsohuwar nan taku ko tana son irin yakuwa."

Idan kin gwada a gidanki, uwargida, ki faɗa mana ciyawar da ta fi ba ki wahala a garinku da abin da kika rufe fangalinki da shi.